Katin Ummi da Kwana Casa'in

Ranar da aka ce katin ya daina aiki, ina tsaye a bayan Inna riƙe da fulas da zanin rufa, kamar wadda aka roƙa ta yi rakiya. Haka muke zuwa asibiti kullum. Inna Hafsatu, mahaifiyar mijina, ita ce a gaba da yarinya a kafaɗa, ita ake tambaya, ita take amsawa. Ni da na haifi yarinyar, nawa in riƙe kaya in yi shiru.

Ummi 'yar farina ce. Ranar da na yaye ta Inna ta zo ta ɗauke ta zuwa sashensu, duk da gida ɗaya muke, katanga ce kawai tsakani. A garinmu, Tsamiyar Kanwa, mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kawar da kai har wani ya ɗauke shi. Ga kuma ƙari a kan tawa: sunan marigayiya mahaifiyar surukina aka sa mata, saboda haka duk gidan babu mai furta sunan, Ummi ake ce mata. Ni ko Ummin ba na faɗa. "Yarinyar nan" nake cewa.

Ba zan ce riƙon ya cuce ni ba. Da sikila aka haifi Ummi, mijina Najib kuwa direban tirela ne, sai ya yi wata biyu bai kwana a gida ba, ba shi da wani albashi tsayayye. Surukina Baba Ikrima shi ne ma'aikacin gwamnati. Shekara talatin da biyar ya yi yana rabon ruwa a ƙaramin dam ɗin garinmu, wanda bai kai rabin na Watari ba amma shi ke riƙe da noman raninmu. Baba ya karɓo takarda a wurin dagaci, ya sa Ummi a inshorar lafiyarsa a matsayin 'yar riƙo. Da katin nan ake ba ta magani duk bayan wata biyu, da shi ake gwaji, da shi ake ba ta gado.

Budurwar da ke zaune a taga ta danna kwamfuta, ta sake dannawa, ta turo katin waje.

"Inna, wannan a rufe yake."

"Rufe kamar yaya, 'yar nan? Kwanan nan muka zo da shi."

"Ƙarshen Fabrairu kuka zo. Yau shida ga Mayu. Mai katin ya yi ritaya ne?"

"Ya yi, alhamdulillahi, lafiya ƙalau."

"To ya je ofishin inshora a sakatariya. Ni nan ba abin da zan iya. Na gaba!"

Ranar da kuɗin ƙuli-ƙulina muka sayi maganin. Na miƙa wa Inna ta bayan zani, ta karɓa ba ta waiwayo ba.

Washegari Baba ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ƙafar Inna ta kumbura, sai aka ce in bi shi in riƙe yarinya. A ofishin inshora muka tarar da wata mata mai tabarau, Malama Ramlat, mai saurin magana kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Ta karɓi takardar ritayar Baba ta duba, ta ɗago kai.

"Baba, ba a gaya maka kwana casa'in ba? Duk wanda ya yi ritaya, kwana casa'in yake da su ya zo ya sake rajista a tsarin 'yan fansho. Katin yana ci gaba da aiki a kwanakin nan, daga nan ya rufe."

"An gaya min," in ji Baba, hankalinsa kwance. "Wata uku bayan barin aiki. Sha biyar ga Afrilu na bar aiki. Yau ko wata guda ba a yi ba. Dama ina da niyyar zuwa bayan na gama kai taki gona."

"Takardar nan talatin da ɗaya ga Disamba ta ce."

"Takarda ta ce haka, amma ni ina bakin ruwa. Alkama tana tsaka da neman ruwa, ga albasa, ga tumatur, ba a turo wanda zai gaje ni ba. Shugabanmu Alhaji Sha'aban ya ce in riƙe makullai tukuna. Sai tsakiyar Afrilu aka kawo wani daga Rimin Gado."

"Da albashi?"

Baba ya yi dariya. "Wane albashi? Gonakin mutum ɗari biyu ne fa, Malama. In tafi gida in zauna su bushe?"

Malama Ramlat ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce a lissafinsu kwana casa'in sun cika tun ƙarshen Maris. Wanda ya makara zai biya tara, sannan ya jira wata shida daga ranar rajista kafin katin ya soma aiki.

"Tarar da sauƙi," ta ce. "Jiran ne ba a saye."

Ummi tana kan cinyata tana wasa da bakin mayafina. Na shiga lissafi a zuciya: Yuni, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, sai Nuwamba. Damina ce gaba ɗayanta. Sanyin ruwa da sauro, lokacin da ciwon Ummi yake tashi kamar an aiko shi.

"Akwai ƙofa ɗaya," in ji Malama Ramlat. "In an riƙe ma'aikaci a bakin aiki har ya miƙa ragama, daga ranar miƙawar ake ƙirgawa. Amma ba da baki ba. Ko shugabanka ya rubuto layi biyu ya sa hatimi, ko ka kawo wata takardar aiki da ta nuna kana nan har ranar. In ka kawo, kana da lokaci har tsakiyar Yuli." Sai ta juyo gare ni. "Ke fa, mece ce ke a wurin yarinyar?"

Na sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Matar ɗana ce."

"Ba abin da na tambaya ba ke nan," in ji ta, amma ta bar maganar.

Kwana biyu bayan haka Baba ya hau kekensa ya tafi wurin Alhaji Sha'aban. Ya dawo bayan la'asar. Ina kai musu abinci zaure na tarar yana ba Inna labari, na ajiye kwanon a hankali don kada in yi saurin fita.

"Ba zai iya rubutawa ba," in ji Baba. "In ya rubuta, ya amsa da hannunsa cewa ya riƙe ɗan fansho a bakin aiki ba da izinin na sama ba. Shi ma saura wata takwas ya ajiye aiki, ba ya son a ɓata masa fayil. Amma ya ce tarar shi zai biya daga aljihunsa. Mutumin kirki ne wallahi."

"Allah ya saka masa," in ji Inna. "Wata shida kamar gobe ne. Allah zai tsare."

Na fito har tsakar gida, na tsaya a jikin rumbu. Ni na san akwai takardar aikin da Malama Ramlat take nufi, don ni na ɗinka mata jaka da ragowar atamfa kada ruwa ya taɓa ta. Littafin rabon ruwa ne. Kullum Baba yakan rubuta wace ƙofa ya buɗe, ƙarfe nawa, wane layin gonaki ya sha. Duk ranar Litinin kuma Alhaji Sha'aban yakan sa hannu a ƙasan shafi da koren biro. Littafin ya cika daidai lokacin miƙa makullai, sabon ma'aikaci ya buɗe nasa, tsohon yana nan rataye a ƙusa a ɗakin Baba.

Shekara shida ina gidan nan ban taɓa fara yi wa Baba magana ba in ban da gaisuwa. Na koma zaure na durƙusa a bakin tabarma.

"Baba, ina da magana."

Inna ta ajiye cokali. "Ke Tahira, lafiyarki kuwa?"

"Lafiya lau, Inna. Baba, bara da damina sau uku aka kwantar da ita. Na biyun har da ƙarin jini leda biyu. Da kati aka yi duka. Bana in ta kwanta ba kati, sai mun sayar da abu kafin a ba ta gado, kuma ciwon nan ba ya jira a ci kasuwa. Na ƙirga abin da nake da shi, tunkiya biyu ne da keken ɗinki. Kwanciya ɗaya za su yi."

"Wa ya ce ke za ki biya?" in ji Inna. "Mun mutu ne? Yarinya tamu ce. Tashi ki ba mutane wuri, kada wani ya shigo ya ji ki."

"Ya ji, Inna."

Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, "Me kike so a yi?"

"Littafin ruwa. Hannun Alhaji yana ciki har Afrilu."

Baba ya daɗe yana kallon kwanon tuwo.

"Kin san abin da kike nema? Shekara goma sha ɗaya ina ƙarƙashin mutumin nan. Lokacin da aka so a mayar da ni wata ƙaramar hukuma, shi ya tsaya. Yanzu in ɗauki littafi in kai shi ƙara?"

"Ba ƙara ba ce, Baba. Kwanan wata ne. Ka yi aikin, kowa a garin nan ya ci alkamar. Ba mu ce a biya ka ba. Cewa muka yi a rubuta ranar da ka tashi."

"Tashi ki je."

Na tashi. Ban ce a yi haƙuri ba, kuma na san sun lura.

Kafin magariba labari ya kai ga Najib a hanyar Fatakwal. Ya kira ni, ƙarar injin tana cika min kunne.

"Me kika yi wa Baba? Inna ta ce kin tsaya kina yi masa lissafi kamar akawu."

"A durƙushe nake."

"Tahira, ba wasa nake ba. A kan 'yar fari? Me mutane za su ce?"

"Su ce. In ta kwanta a Agusta kana Fatakwal, mutanen za su zo da jini?"

Can ya ce zai turo abin da ya samu ƙarshen wata, ya kashe waya.

Kwana biyu Baba yana amsa gaisuwata da ka. Matan gidan kuwa sun samu abin yi. In na wuce wajen turmi sai a yi shiru, in na ba da baya a kwashe da dariya. Wata ta ce da ƙarfi don in ji, "Zamani ke nan, uwa tana bin 'yar fari da fitila." Na wanke gidan sauron Ummi na ɗinke inda ya yage, na ɗauko rigunan sanyinta na shanya a igiyar tsakar gida inda kowa zai gani. A da a ɓoye nake yi in ba Inna ta ce ita ta yi.

A rana ta uku hadari ya taso daga gabas da hantsi, iska mai sanyi ta kaɗa, bai zubar ba ya watse. Ummi tana zaune a gindin Baba ta ce ƙafarta tana mata tsami. Ciwon bai tashi sosai ba, ruwan ɗumi da magani suka kwantar da shi. Amma na ga Baba ya riƙe ƙafar a tafin hannunsa yana kallon sama.

Da safe ya tsaya a ƙofar sashenmu, jakar atamfa a hammatarsa.

"Ɗauko mayafinki. Amma wurinsa za mu fara zuwa. Ba zan bi ta bayansa ba."

Ofishin Alhaji Sha'aban ɗaki ɗaya ne a gefen dam, da fanka wadda ba ta juyawa da buhunan iri a kusurwa. Mutum ne mai jiki, mai fara'a. Ya taso ya rungume Baba.

"Malam Ikrima, sarkin ruwa! Ka kasa zaman gida ko? Wace ce wannan, amarya ka yi ba ka gaya mana ba?"

"Matar Najib ce."

"Madalla, madalla. Sannu, 'yata. Ai na ce a zo a karɓi kuɗin tarar, suna nan na ware."

Baba ya zauna ya ɗora jakar a gwiwa, ya dube ni. Na gane ya kawo ni ya kuma bar min filin.

"Alhaji, mun gode da tarar," na ce. "Amma ba ita muka zo nema ba. Layi biyu muke so, cewa Baba ya miƙa makullai sha biyar ga Afrilu."

Fara'ar ta ragu. Ya dubi Baba. "Malam, ai mun gama wannan maganar tsakaninmu maza."

"Ba ku gama da damina ba, Alhaji," na ce. "Ko an biya tara, sai Nuwamba katin zai buɗe. Yarinyar sikila gare ta."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ke ina ruwanki a ciki? Yarinya a hannun kakanninta take, su suka san yadda za su yi."

"Ni na haife ta."

Ban san muryata za ta fito haka ba. Wani manomi da ke jira a bakin ƙofa ya leƙo. Alhaji Sha'aban ya tafa hannu yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ikon Allah! 'Yar fari ce fa na ji an ce. Malam Ikrima, a gidanka? A gabanka?"

"A gabana," in ji Baba.

"To ki saurara, uwar 'ya. Kin san abin da layi biyun nan za su jawo min? Takardar tuhuma. Wata takwas suka rage min. Shekara talatin da huɗu ba a taɓa rubuta min ko gargaɗi ba. Kuma don wa na yi? Don kaina na riƙe shi? Da na sallame shi a Disamba, da mijinki da ubanki da kowa sun zo nan da sanduna."

"Gaskiya ne, Alhaji. Abin kirki ka yi. To ka rubuta ka ce ka yi. In an tuhume ka, manoma ɗari biyu suna nan, ni da kaina zan bi gida gida in tattaro maka su. Amma ba zai yiwu alkama ta sha ruwa, kai ka fita da fayil mai tsabta, Baba ya yi wata uku da rabi kyauta, sannan a ce yarinya 'yar shekara biyar ita za ta ɗauki sauran ba."

"Ba zan rubuta ba."

"To ka riga ka rubuta." Na dubi jakar da ke gwiwar Baba. "Sau goma sha biyar, da koren biro. Na ƙirga."

Ya gane jakar. Fuskarsa ta canza. Ya miƙa hannu.

"Wannan kayan gwamnati ne. Malam, ba ni shi."

Shekara goma sha ɗaya duk abin da mutumin nan ya ce Baba ya miƙo, miƙawa yake yi. Baba ya ɗora tafin hannunsa a kan jakar.

"Ranar da na ba da makullai na kawo maka shi, ka ce in tafi da shi, tarihi ne. Ka tuna, Alhaji?" Ya miƙe a hankali. "Na zo ne in gaya maka da bakina inda zan kai shi, kada ka ji a wurin wani. Ka yafe ni."

Alhaji Sha'aban bai raka mu ƙofa ba.

A mota zuwa sakatariya Baba sai jan carbi yake yi. Malama Ramlat ta buɗe littafin a kan teburinta, ta bi shafi shafi da yatsa tana karantawa a fili. "Ƙofa ta uku, ƙarfe shida da rabi, layin masu albasa. Ƙofa ta ɗaya, an rufe saboda yashi." Ta kai shafin ƙarshe, ta ga sha biyar ga Afrilu da koren hannu a ƙasan makon.

"Baba, ko ranar sallah ba ka huta ba?"

"Albasa ba ta san sallah ba, Malama."

Ta aika aka yi kwafin shafukan, ta mayar masa da littafinsa. Ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, sai ta tura sama, kuma dole za a tuntuɓi ofishinsu Baba a tabbatar. Baba ya ce ya sani. Ta jawo fom ta soma cikawa.

"Sunan 'yar riƙo?"

Baba ya shiga laluben aljihu yana neman tsohon katin don ya miƙa mata ta karanta da kanta, kamar yadda ya saba. Ya mance shi a rigar Juma'a.

"Muhsina," na ce. "Muhsina Najib Ikrima."

Malama Ramlat ta dube ni ta saman tabarau. "Sunan uwa?"

"Tahira. Ni ce."

"To, yau kin samu baki." Ta rubuta. "Lambar wa zan sa, wanda za a kira in wani abu ya taso?"

"Tawa."

Kwana goma sha ɗaya muka yi muna jira. A kwana na tara ruwan farko ya sauka, mai yawa, har aka fita shuka washegari. Na bar Inna tana faɗa na ɗauko Ummi na sa mata rigar sanyi biyu da safa, na hana ta fita wasa a taɓo. A kwana na goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara ina tsaka da suyar ƙuli-ƙuli. Malama Ramlat ce. An karɓi ranar Afrilu. Babu tara, babu jira, a zo a ɗauki sabon kati.

Abin bai tafi a banza ba. An aiko wa Alhaji Sha'aban takardar tuhuma. Na cika alkawari, na bi gidaje na samu manoma arba'in da uku suka sa hannu ko suka dangwala a takardar da dagaci ya rubuta, aka kai. An ce gargaɗi kawai aka ba shi. Duk da haka har yau in ya hango Baba a masallacin Juma'a sai ya sauya sahu, kuma na san abin yana ci wa Baba rai, don ya daina bi ta hanyar dam ko da kasuwa za shi. A gida kuwa sunana ya zama "uwar 'ya". Inna ta yi mako guda ba ta aiko a karɓi wuta a wurina ba.

A farkon Agusta ciwon ya tashi, a hannu da baya. Wannan karon ni na goya ta, Inna ta riƙe fulas. Budurwar taga ta danna kwamfuta sau ɗaya ta turo takardar gado. Kwana huɗu muka yi, ba a kai ga ƙarin jini ba, ni na kwana da ita duka huɗun.

Ranar da aka sallame mu Baba ya zo ɗaukarmu da a-daidaita-sahu. Ummi ta ji sauƙi har ta zame daga hannuna ta nufi wajen mai rake a bakin titi, ga babura suna wucewa.

"Muhsina! Dawo nan!"

Ta tsaya cak, ta juyo tana neman wanda ya kira ta, don ba ta taɓa jin sunan daga bakina ba. Inna ta ce, "Innalillahi, a titi ma?" Sai a lokacin na tuna sunan wa na ɗaga wa murya, kuma ɗanta yana tsaye kusa da ni.

Baba yana kallon yarinyar tana dawowa da gudu.

"Shekara ashirin ban ji an kira sunan nan da ƙarfi ba," ya ce. "Haka kakata take ƙwala wa mahaifiyata kira in ta daɗe a rijiya." Ya ɗaga Ummi ya sa ta a cikin a-daidaita, ya juyo ya miƙo min katin. "Riƙe a wurinki. Ni mantuwa ta fara kama ni. Yaushe ne za a sabunta shi?"

"Mayu mai zuwa, Baba. Na rubuta a bangon ɗakina."

"To ki tuna min tun Afrilu."

"Tun Maris," na ce, na shiga na zauna, na ɗora ta a cinyata.